Filin Bakanike: Marsandina tana kuka a hanya, an ce sai na sake akwatin giya

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowa, dukansu a kan ƙarar da ke tasowa daga ƙarƙashin manyan motocin da muke sayowa na hannu. Ta farko ce za ta cinye mafi yawan filin, don mai ita yana gab da fitar da kuɗi masu nauyi.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam Bakanike. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa. Bara na sayo Marsandi E 220 CDI ta 2006 a Duwala, 'yar Beljiyam, mai giya otomatik, mai shan gazuwal. Malejinta na nuna kilomita 190,000. Kwanan nan ta fara wani kuka, wuuu, da zarar na kai gudun 60. Tsakanin 80 da 90 ya fi tsanani, har rediyo ba ya rufe shi. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ya ragu. Sannan in na fitar da ita daga D na sa ribas nakan ji gau daga ƙasa. An jona mata kwamfuta, ba a ga komai ba. Wani ya canza mini boris na ƙafar baya ta hagu, kukan yana nan. Yanzu wani bakaniken ya ce akwatin giya ne ya tafi, in aika Duwala a kawo wani. In aika?

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi a kasuwa. Kada ka aika tukuna, riƙe kuɗinka. Bisa abin da ka rubuto, akwatin giya yana can ƙarshen waɗanda nake zargi. Ana iya ɗora maka wani, ka biya kuɗin kaya da na dako da na aiki, ka hau hanyar Garwa, allura ta kai 60, kukan ya dawo yadda yake.

Batun kwamfuta kada ya ruɗe ka. Abin da na'urorin motar suka faɗa mata shi take karantawa: zafin mai, saurin juyin taya, wayar da ta yanke. Babu na'urar da ke sauraron haƙorin da ya cinye ko boris da ya ƙwaƙule, don haka mota na iya kuka har mutanen bakin titi su waiwayo, allo kuma ya nuna lafiya lau. Kunnen wanda ke zaune a ciki ma yakan yaudare shi, domin ƙarfen jikin mota yana ɗaukar sauti daga baya ya kai gaba, daga dama ya kai hagu. Ina jin haka aka yi aka cire maka boris mai lafiya. Abin da muke bi a gareji shi ne lokacin da ƙara ke zuwa da abin da ke sauya ta. Kai kuwa ka riga ka ba ni shaida biyu masu ƙarfi: gudun da take farawa, da kuma cewa ƙafarka ce ke ƙara ta tana rage ta.

Ka fara sanin yadda motar taka take a ƙasa. Wannan ƙirar E ɗin, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009, da tayoyin baya take ja. Ƙarfi na fita daga inji ya shiga akwatin giya, daga nan ya bi farfela, doguwar sandar nan da ta ratsa ƙarƙashin mota. Farfelar gida biyu ce, an rataye tsakiyarta a wani boris da ke cikin roba, kuma a kowane bakinta akwai faifan roba mai kauri da muke kira filekto. Ita ce ke shiga pon, wato kaskon haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya yana raba musu ƙarfi. Daga pon gajerun sanduna biyu da muke kira kardan suka fita, ɗaya kowace ƙafa, sai boris na ƙafa, sai taya. Kowannensu da saurin juyinsa. Kafin taya ta juya sau ɗaya farfela ta yi kusan sau uku. Shi ya sa siririn kuka mai tashi sama ya fi zama na abin da ke juyi da sauri, gurnani mai kauri kuma, gurrr, ya fi zama na taya da boris ɗinta.

Ga gwajin da nake so a yi, kuma ba ya cin ko dala sai ɗan mai. Ku fita da sassafe kafin babura su cika titi, ku sami kwalta mai laushi miƙaƙƙiya. A ɗaga gilasai, a kashe rediyo da na'urar sanyi. Kai ka tuƙa, bakanikenka ya zauna a kujerar baya, a tsakiya.

Tun kafin ku tashi, mota na tsaye a P, ka taka totur a hankali ka saki. In kukan ya bi inji yana hawa yana sauka, to maganar tana gaba: belt, ko wani abin da belt ke juyawa, ko famfon man giya. Ba na tsammanin za ka ji shi a nan. Sai ku hau hanya ka riƙe 80 daram. Kana cikin haka ka tura sandar giya gefen hagu, allo ya nuna 4. Inji zai ɗaga murya, gudun mota kuwa yana nan a 80. Saurara da kyau. In muryar kukan ba ta motsa ba duk da inji ya sauya, to gudun mota yake bi, kuma ka wanke inji da mafi yawan abin da ke cikin akwatin giya a lokaci guda. Wannan ɗan gwajin shi kaɗai ya isa ya hana a sauke akwatuna da yawa da ake saukewa a banza.

Koma D, ka riƙa takawa kana saki a hankali a wannan gudun. Sannan, in hanya babu kowa, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, kaɗan-kaɗan, ba fizga ba. In ka karkata hagu nauyin mota na komawa ƙafafun dama, saboda haka boris ɗin dama da ya lalace zai ƙara gurnani, in ka koma dama ya lafa. Boris na ƙafa ba ruwansa da totur, nauyi yake ji. Taya kuma kwalta take ji: in kun bar sabuwar kwalta kun hau tsohuwa mai kaushi muryar ta sauya nan take, tayoyi ne. A ƙarshe kana iya sa ta firi na 'yan daƙiƙu ka ji. Amma kada ka kuskura ka kashe inji mota na gudu, don sitiyari zai yi tauri, birki ma ya daina taimaka maka.

To, kukan da ke bin gudun mota, wanda ba ya jin karkata sitiyari, yana tashi in an taka yana kwanciya in an saki, wannan a wurina pon ne har sai an nuna mini akasin haka. A cikinsa akwai ƙaramin haƙori da farfela ke juyawa, shi kuma yana tura babban faifan haƙora. In ka taka, fuska ɗaya ta haƙoran ce ke ɗaukar nauyi. In ka saki, mota ce ke tura inji, sai nauyin ya koma ɗaya fuskar. Fuskar da ta fi wahala ita ke fara cinyewa, shi ya sa kukan ke zuwa da takawa. Da a ce lokacin saki ya fi fitowa, da na fi zargin boris ɗin ƙaramin haƙorin ne ya yi sako-sako.

Me ke cinye haƙoran? Galibi rashin mai ne. Man da ke cikin pon ɗin wannan mota bai kai lita biyu ba, kuma ba shi da fitila a gaban direba da za ta ce ya ragu. Sil, wato zoben robar da ke hana mai fita, na bakin farfela ko na gefen kardan yakan tsufa ya riƙa tsatsafo, ƙura ta manne a wurin ta shanye, ba ka ganin ɗigo a ƙasa bare ka farga. Motar da ta yi shekaru a sanyin Turai, aka sauke ta a Duwala, ta taka sama da kilomita 1,400 zuwa Marwa, ta shiga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, tsohuwar robar sil ba ta jure wannan. Mu kuwa a nan baƙin mai kawai muka sani. Ana juye shi a kan kari, man pon ba mai tuna shi.

A kai ta kan rami mota tana daidai, ba a karkace ba. A fara kwance notin zubawa na sama kafin na juyewa na ƙasa, don in aka juye mai sannan na saman ya ƙi kwantuwa, an shiga uku. Bakanike ya zura ɗan yatsa: mai ya kamata ya kasance dab da bakin kafar. In yatsa ya fito a bushe, an kama ɓarawo. Sai a tare tsohon man a kwano mai tsabta, a fita da shi rana. Warin ƙibiritu da yake yi ba laifi ba ne, haka man pon yake. A karkata kwanon a duba ƙasansa, a ja mayen ƙarfe a ciki. In abin da ya manne baƙin gari ne mai laushi, ka murza tsakanin yatsu ba ka ji komai ba, wannan cin yau da gobe ne. In kuwa ka ga yana ƙyalli, ka murza ka ji tsini yana sukar fata, ko ka tsinci ɓarɓashi da ido ke gani, haƙori ko boris ya fara zuba.

Gaskiyar da zan faɗa maka, Alhaji, sabon mai ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. In abin bai yi nisa ba, a gyara sil, a zuba man pon na gaskiya, 75W-85 ko 75W-90 mai alamar GL-5, kukan na iya raguwa motar ta daɗe tana aiki a haka. In ya yi nisa, sai wani pon ɗin. Akwai masu zuba mai mai kaurin gaske ko su haɗa da giris don murya ta kwanta, musamman in mota za a sayar. Wannan ha'inci ne, kuma haƙoran na ci gaba da cinyewa a ɓoye. In ta kai ga saye, ko a Camp Yabassi ta Duwala ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a duba lambar da aka buga a jikin kaskon tsohon, a sayo mai irinta sak. Pon na waɗannan motoci kamanninsu ɗaya a ido amma yawan haƙoransu ya bambanta daga inji zuwa inji, kwamfutar giya kuma an saita ta ne a kan lissafin na asali. In aka ɗora wanda bai dace ba, giya na iya ƙin canzawa, a zo kuma a ce maka ai da ma akwatin ne. Wani abu kuma ga bakaniken da zai canza sil ɗin gaba: babban notin nan na bakin pon shi ke riƙe da matsin boris ɗin ciki. A yi masa alama kafin a kwance, a mayar da shi daidai inda yake. In aka ɗaure shi da dogon bututu iya ƙarfin yaro, pon mai lafiya ma zai fara kuka bayan 'yan kwanaki.

Sai gau ɗin da kake ji in ka sa ribas. Wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Wasa ne a wani wuri, kuma farkon inda za a duba filekto. Kwanaki aka kawo mana irin motarka a nan Garwa da wannan ƙorafin. Muka haska fitila, sai ga robar ta tsattsage kewaye da ramukan kusoshi, zaren da ke cikinta ya fito waje buzu-buzu, ɗaya daga cikin bututun ƙarfen da kusa ke bi ya rabu da roba yana motsi in ka sa yatsa. Daga nesa faifan lafiyarsa ƙalau, sai da aka kama farfela aka murɗa gaba da baya tsagar ta buɗe baki. Irin wannan in ya ƙarasa fashewa mota na gudun 100, bakin farfela zai riƙa dukan ƙasan mota, yana iya fasa bayan akwatin giyar da ake ta magana, yana iya yanke bututun birki ko na mai. Kada ka yi doguwar tafiya kafin a duba su duka biyu, na gaba da na baya. Tunda ana ƙarƙashin, a ɗaga tsakiyar farfela da hannu a ga ko robar da ke riƙe da boris ɗin tsakiya ta yage, a kuma duba robobin da inji da akwatin giya da pon ke zaune a kai. Na injin Marsandi ruwa ne a cikinsu, in sun fashe inji yakan zauna ƙasa, mota ta riƙa karkarwa a tsaye. In za a raba gidajen farfelar biyu a shafa musu fenti a mahaɗa, domin a haɗe aka daidaita nauyinsu a masana'anta, in aka juya su za ka sami sabuwar karkarwa da ba ka zo da ita ba. Filekto kuma a sayi mai kyau. Araha ba ta ado, na jabu bai cika kai damina biyu ba.

Ban ce a manta da akwatin giya ba. Naka mai giya biyar ne, irin da Mercedes ta fara sa wa motocinta tun wajen 1996, kuma yana da ƙarko ƙwarai. Da farko kamfanin ya ce ba a canza masa mai har ƙarshen rayuwar mota, har sandar awon mai ba su sa ba, murfi kawai suka liƙa a bakin bututun. Daga baya suka dawo suka ce a canza a wajen kilomita 60,000. Motoci da yawa sun iso mana da man da suka baro masana'anta da shi. A canza mai da tace, da man da ke ɗauke da lambar 236.14, a auna da sandar gareji mai yana da zafi, wajen digiri 80. Akwatin da ya lalace da gaske yana da nasa alamun: inji ya yi ihu mota ba ta ja, jinkiri kafin ta kama D, dukan ƙirji wajen canji, maƙalewa a giya ɗaya, mai ya yi baƙi yana ƙauri. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Masu irin wannan mota ta 2002 da 2003 kuwa su lura: a wasunsu lagireto yakan tsiyaya ruwan sanyaya inji cikin man giya, mota ta riƙa gurnani da karkarwa in ana tafiya a hankali. Taka ta 2006 ta wuce wannan.

Iyakar wurin da akwati zai iya shiga maganarka shi ne boris ɗin bakinsa na baya, don shi ma gudun mota yake bi. Ana raba gardamar ne a kan na'urar ɗaga mota: mutum ɗaya a ciki yana tuƙi a sama, bakanike a ƙasa da doguwar sukudireba, tsininta a jikin ƙarfe, ƙotarta a kunne, yana ɗorawa a bayan akwati, a tsakiyar farfela, a bakin pon. Inda ciwon yake ba ya ɓuya. Amma ban yarda a yi wannan a kan jak ko a kan duwatsu ba, kuma mai babbar riga ko rawani kada ya matso kusa da farfela tana juyi.

Ka duba tayoyinka ma. 'Yan Beljiyam da yawa suna zuwa da tayoyin hunturu, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu mai taushi ce, a zafinmu tana cinyewa ba daidai ba ta riƙa gurnani. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi taya. Malejin nan na 190,000 kuma kada ka ɗora lissafinka a kansa. Motocin gazuwal irin wannan da yawansu tasi suka yi a Turai. A Beljiyam tun 2006 akwai takardar Car-Pass da ke nuna tarihin maleji, in dillali yana da ita ya nuna, in babu to a ɗauka motar ta fi haka tafiya a yi mata hidima a kan hakan.

TAMBAYA

Malam, ni Hajiya ce daga Injamena. Lexus GX 470 ce da ni ta 2007. In direba ya taka birki muka tsaya cak, ko kuma in zai tashi, sai in ji dum daga baya, sau ɗaya. Ya ce ba komai, amma tun bayan damina abin ke ƙaruwa.

AMSA

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kin yi daidai da ba ki bar maganar ba, amma ki kwantar da hankalinki, wannan sanannen hali ne na GX 470 da 'yan uwanta Prado da Land Cruiser na wancan zamani, kuma sau da yawa giris ne maganinsa. Farfelar baya ta wannan mota tana da wata mahaɗa mai zamewa, tana tsawo tana gajarta yayin da bayan mota ke ɗagawa da sauka. In kuka taka birki bayan ya ɗaga, in za ku tashi ya zauna. In giris ya bushe a wurin, maimakon ta zame sumul sai ta maƙale, nauyi ya taru, ta saki gaba ɗaya. Wannan sakin ne kike ji dum.

Toyota, mai ƙera Lexus, ta sa nonon giris, wato ɗan bakin da ake buga giris ta cikinsa, a farfelar gaba da ta baya, a mahaɗar da kuma a kowane kuros, wato gaɓar nan mai kusurwa huɗu da ke bakin farfela. Masu juye baƙin mai ba su cika kula su ba, wasu motocin tun daga Amurka ba su ga giris ba. A goge kowane nono kafin a ɗora famfo, don kada a tura yashi ciki. A kuros a buga har sabon giris ya leƙo ta kusurwoyi huɗu. A mahaɗar zamewa kuwa a buga kaɗan, da an ga ta fara miƙewa a tsaya, don in aka cika ta maƙil za ta riƙa tokare pon da tiransfa, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. In ta daɗe a bushe, gara a ciro ta a wanke a shafa da hannu. In bayan haka dum ɗin bai tafi ba, a kama farfela a girgiza a ga ko kuros na wasa, ko akwai jan gari na tsatsa a bakin murafunsa, sannan a duba robobin sandunan da ke riƙe da ƙafar baya.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne damina. Kowa ya san yadda unguwannin Injamena marasa kwalta suke zama a watan Agusta. Ruwa yana wanke giris, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kowane pon yana da 'yar kafar shan iska a samansa. In ya yi zafi da tafiya aka tsunduma shi cikin ruwa, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan kafa ko ta bakin sil. Ki sa a buɗe pon na gaba da na baya da tiransfa a duba. In man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar. In aka bar shi boris zai yi tsatsa, kafin bazara ki rubuto mini irin wasiƙar Alhajin Marwa. Masu ƙetare mayo, wato rafi, a hanyoyin ƙauyukanmu na arewacin Kamaru, wannan ya shafe ku.

TAMBAYA

Baba Bakanike, daga Ngaundere nake. BMW X5 gare ni ta 2008. In na yanke sitiyari zan juya a fili sai ta riƙa tirjewa tana fizga. Ranar da nake dawowa daga Garwa kuma, ina hawan dutsen nan bayan Mbe, na taka sosai sai na ji tas-tas-tas a ƙarƙashin kujera. Watanni kaɗan da suka wuce na sa sababbin tayoyi biyu a gaba, na baya tsofaffi ne, kamfaninsu ma daban.

AMSA

Ɗana, layin ƙarshe na wasiƙarka shi ne mafarin ciwon. Motarka da ƙafa huɗu take ja, da tsarin da BMW ta fito da shi a 2003 mai suna xDrive. A bayan akwatin giya akwai tiransfa, a cikinta akwai fayafayan kuloci da wani ƙaramin injin lantarki ke matsewa, da kuma kaca mai faɗi da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba. Kwamfuta na lura da juyin kowace taya. Sabuwar taya ta fi tsohuwa faɗin da'ira, ko da lambar da ke jikinsu ɗaya ce, balle kamfani ya bambanta. Saboda haka na baya suna juyi fiye da na gaba a kowane mita, gaba da baya suna ja-in-ja, kulocin da kacar ne ke shan wahalar. Tirjewar da kake ji a kwana daga kulocin take. Tas-tas ɗin hawan dutse kuwa ya yi kama da kacar da ta miƙe tana tsallake haƙori in nauyi ya yi mata yawa.

Ka fara da tayoyi. A daidaita iskarsu, a zagaya kowacce da tef ɗin awo a tsakiyar zanenta, a rubuta. Ni ƙa'idata a gareji, in zurfin zanen gaba da na baya ya bambanta da fiye da milimita biyu zuwa uku, ba na barin irin wannan mota ta fita. Huɗu za ka sa iri ɗaya, kamfani ɗaya, in da hali masu alamar tauraro a gefe, waɗanda aka yi don BMW. Wasu X5 na baya sun fi na gaba faɗi tun daga masana'anta, wannan ba laifi, muddin tsayinsu ɗaya.

A leƙa robobin kardan na gaba kuma. In ɗaya ta yage giris ya fantsama a cikin ƙafa, kan kardan ɗin yakan yi ƙas-ƙas a kwana, amma shi ba ya tirje mota. Don a tabbatar, bakanike na iya cire soket ɗin ƙaramin injin da ke jikin tiransfa a ɗan zagaya fili. Fitilu za su kama a allo, motar ta koma ja da baya kawai. In tirjewar ta ɓace, tiransfa ce. A mayar da soket, a juye manta a zuba nata na musamman, ba man giya na gama-gari ba, a kuma shaida wa kwamfutar motar cewa an canza. Sau da yawa tayoyi da mai sukan kawar da tirjewar. Kacar da ta fara tsallake kuwa ba ta komawa, sai an buɗe an sake ta, kuma gara a yi tun ba ta goge cikin kaskon ta fasa shi ba. Kafin nan ka daina taka ta da ƙarfi, ka kuma ɗage tafiyar Garwa.